Shekarar da Na Kai Basiru Kiɗan Jidda

Na san abin da ake faɗa a kaina a Utaibiyya, na kuma san maganar ta kai har Kano, don ɗaya daga cikinku, ku 'ya'yana, ta bugo mini waya tana ta kewaye-kewaye, ta gaishe ni sau uku, ta kasa tambaya. Ana cewa Hajiya Rabi, matar marigayi Malam Idi tela, wadda ta tsufa a Makka ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta ruɗe da girma, ta kwashi 'ya'ya ta tafi Jidda kallon Turawa masu gashi har gadon baya suna ihu. To, na je. Ba wanda ya ja ni, ba wanda ya yaudare ni, ni na tsara tafiyar da kaina tun daga guzuri har wurin kwana. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili. Masu maganar ba su taɓa tambayata ba, ku kuma kunya ta hana ku, don haka zan rubuta muku shi tun idona yana ganin layi.

Ku da kuka yi aure kuka bar gida da wuri, Basiru yana ƙarami kuka san shi. Kun san sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, ya tashi da ransa amma kunnuwan suka tafi. A lokacin ko iƙama, takardar zaman ƙasa, ba mu da ita, balle a yi maganar makarantar kurame, sai mahaifinku ya zama makarantarsa. A shagon ɗinki suke yini tare, su biyu suka ƙirƙiro maganarsu ta hannu, mu 'yan gida muka koya a wurinsu. Kada ku ga kurma ku zaci mai shiru ne. Duk gidanmu ba wanda ya kai autan nan surutu. Kowa a layinmu yana da sunan da ya raɗa masa da hannu, kuma ba mai daɗi ba: mai kantin ƙasa shi ne shafa tumbi, direban maƙwabta shi ne soshin ƙeya, ni kuma, uwar da ta haife shi, hannu biyu a ƙugu. Haka muke da shi har ya wuce shekara ashirin.

Ranar da aka kai mahaifinku makwancinsa, Basiru ya dawo daga maƙabarta da hannuwansa a aljihu, kuma bai sake fito da su ba. Da fari na ce jimami ne, kowa da yadda yake yin nasa. Amma har na fita takaba bai ce mini komai ba. An rufe shago, an sayar da kekunan ɗinki, shi kuma ya shige ɗaki. In an tambaye shi abu ya gyaɗa kai ko ya girgiza, abinci a bakin ƙofa nake ajiyewa, wani lokaci in ɗauke shi yadda na kawo. Wanda bai zauna da kurma ba ba zai gane girman wannan ba. Mai baki in ya yi fushi ya ƙi magana, yana jin taka, za ka iya lallashinsa ta bayan ƙofa. Basiru kuwa in ya juya fuskarsa bango, ba ni da wata hanyar da zan kai gare shi. Baffanku Malam Hamisu, ƙanin mahaifinku da ya zo karatun hadisi ya zauna a unguwar Shisha, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya zo ya yi addu'a, ya yi tofi a zamzam, ya zauna kusa da shi yana dafa kafaɗarsa. Ba abin da ya canza. Tsorona ɗaya ne, kuma da shi nake kwana: in mutu in bar shi a ɗakin nan.

Wata rana bayan la'asar na dawo daga kasuwa, tun daga bakin titi nake jin wata irin ƙara. A kan matakala na tarar da maƙwabcinmu na ƙasa, Abu Yasir, mutumin Yaman, yana ta sababi da Larabci.

"Ya Hajja, ɗanki zai rushe mana gida! Kofuna na rawa a kan kanta, jaririyata ta kasa barci!"

Na haye sama a guje. Na tura ƙofar ɗakin, sai ga Basiru kwance rigingine a ƙasa, ya rungume wata ƙatuwar lasifika irin ta mota a ƙirjinsa, idonsa a rufe. Ashe ta jawwal, wato wayar hannu, ya saye ta aka kawo masa ba na nan. Abin da ke fitowa daga cikinta kuwa, kamar ana juye kwanon rufi daga bayan babbar mota, ga wani ƙato yana gurnani a ciki. Na nufi bango zan fizge wayar wuta, sai idona ya kai kan ƙafarsa. Tana motsi. Yatsun suna bin bugun, dugadugin yana dukan ƙasa. Rabon da in ga wani abu a jikin yaron nan yana motsi don jin daɗi, tun mahaifinsa yana raye. Na durƙusa na ɗora tafina a kan akwatin, na ji bugun ya bi hannuna har gwiwa. Sai ya buɗe ido ya gan ni, ya kashe abin, ya juya bango.

Da magariba na tare yayarsa Safiyya, wadda Larabcinta ya fi Hausarta kauri kamar duk 'ya'yan da aka haifa a nan. Na ce mata ta gaya mini gaskiya, ko mutanen ɓoye ne suka shige shi.

"La, Ummi, ba junun ba ne. Musiƙa ce, metal ake kiranta. Gangunanta suna da nauyi, ya'ani ko kunne bai kama ba, jiki yana kamawa."

"Wannan kiɗa ne? To wa ake yi wa?"

"Ba wanda ake yi wa, Ummi."

A garinmu dai kiɗa wani ake yi wa, sarki ko mahauci ko amarya. Amma ban tsaya gardama ba. Washegari na soya waina cikin kwano na sauka wurin Abu Yasir, muka yi yarjejeniya: bayan la'asar, lokacin da matarsa take kai yara gidan iyayenta, Basiru ya kunna abinsa. Haka aka yi ta yi. Ya fara cin abinci, amma bai fito ba, hannuwan kuma suna nan a mace.

Shekarar ita ce abubuwa suka yi ta buɗewa a ƙasar nan, mata suka fara tuƙi, aka bar su shiga filin ƙwallo. Safiyya ma ba ta yi sanya ba ta karɓo lasisinta, don a lokacin takardunmu sun gyaru. Ita ce ta zo mini wata rana ina tsinar shinkafa, ta nuna mini hoto a jawwal, wasu ƙarti sanye da baƙaƙen kaya. Ta ce su ne waɗanda Basiru yake kunnawa, za su zo Jidda su yi wasa a babban filin ƙwallo, kuma ta lura wannan hoton ne a fuskar jawwal ɗinsa, kullum shi yake kallo. Na tambaye ta ko ya ce yana son zuwa. Ta ce bai ce ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don yaron da a da yake iya tayar da gida a kan ƙwallon roba, yau ya daina roƙon komai. Kafin in gama tsinar shinkafar na yanke shawara.

Na shirya na tafi Shisha wurin Malam Hamisu, tunda shi ne uban yaran yanzu. Ya saurare ni har na gama, ya cire gilashinsa ya ajiye a kan littafi.

"Yaya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Daga maƙwabtaka da Harami ki tashi ki tafi wurin kaɗe-kaɗe?"

"Na sani, Malam. Ba fatawa na zo nema ba, na san abin da za ka ce. Na zo ne don kada ka ji a bakin wani."

"Ki ba ni lokaci in ƙara masa addu'a."

"Ka ƙara, wallahi ina so. Amma zan kai shi."

"Mutane za su yi magana. Masu masaukin alhazai na Aziziyya ba za su so a ce mai dafa wa alhazansu ce aka gani a can ba."

"Mutanen ba su ke ɗauko kwanon abincinsa daga bakin ƙofa ba."

Ya mayar da gilashinsa, sannan ya ce, "Yayana bai bar mini ku don in ga haka ba."

Maganar nan ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba, a cikin tasi na yi kuka har gida. Baffanku mutumin kirki ne, kuma gaskiyarsa yake faɗa. Kada in ji wani a cikinku ya raina shi a kan wannan.

Yanzu sai shiri. Kun san aikina: in hajji ya zo ina dafa wa alhazan Najeriya abinci a wani gida a Aziziyya, in ranakun jifa suka zo kuma ni ce mai kai tsofaffin mata in dawo da su. Ina alfahari da cewa ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. To taro ɗaya na sani a duniya, shi ne na aikin hajji, don haka irin shirinsa na yi. Na yi dambun nama, na sayi dabino, na cika jarka da zamzam, na naɗe tabarma, na ɗauki lema da buta da maganin ciwon kai. Na sa aka saya wa kowa takalmi mai ɗauri, don silifa a cunkoso ita ce farkon faɗuwa. Na bugo wa ƙawata Hajiya Ladi da ke Karantina a Jidda na ce ta share mana ɗaki, za mu zo tun ana gobe, saboda ina son in zagaya filin da rana in ga ƙofofin fita da idona. Safiyya tana ta dariya har da riƙe ciki.

"Ummi, hafla ce ta yamma ɗaya, ba tsayuwar Arfa ba!"

Na ce ta yi dariyarta. Da aka zo yankar tikiti ta buɗe mini taswirar filin a jawwal. Ga fili a ƙasa gaban masu kiɗan inda ake tsayuwa, ga kujeru a gefe, ga wasu can sama. Na tambaye ta ina ne ya fi nisa da turereniya, ta nuna mini saman. Na ce can za ta yankar mana.

"Amma Ummi, shi fa Basiru..."

"Ke, sau nawa kika kai mutane jifa?"

Ta yankar mana na saman. Ni kuwa doka ce da ban taɓa karyawa ba: mai rauni a kai shi hawa na sama, inda iska take, inda ba mai taka shi. Da ita na dawo da tsofaffi lafiya shekara da shekaru, ban ga dalilin canza ta ba.

Na shiga ɗakin Basiru na zagaya ta inda fuskarsa take, na tsuguna na gaya masa da hannu: Jidda, ganguna, ni da kai da Safiyya. Ya kalle ni ya daɗe, bai amsa ba. Na fito ban san ko zai bi mu ba. Amma ranar tafiya da na idar da sallar asuba na leƙo, sai na gan shi zaune a bakin ƙofar fita, ya yi wanka, ya sa baƙar riga, takalmin nan mai ɗauri a ƙafarsa. Na koma ɗaki na yi sujada. Safiyya ta ja mu a motar da ta aro, muka wuce shingen Shumaisi ba wanda ya ce mana kanzil, ni ina baya ina ta salati duk lokacin da babbar mota ta wuce mu.

Washegari da yamma, a ƙofar filin aka fara karya mini lago. Yarinyar da ke binciken mata ta zazzage jakata, ta ɗaga butar ta kalle ta, ta kalle ni. Ba a shiga da buta, ba a shiga da jarka, ba lema, ba tabarma, ba abincin gida. Dambun da na kwana biyu ina yi, su masu gadin na bar wa, kuma kafin mu wuce na ga sun fara sa hannu. Muka yi sallar isha'i a wurin da aka keɓe, muka yi ta hawa matakala har gwiwoyina suka fara gunaguni. Kujerunmu masu kyau, ga iskar teku, ga sarari, mutanen ƙasa kuwa kamar tururuwa. Na zauna ina jin kaina, na ce wa Safiyya ta ga amfanin manya.

Sai aka kashe fitilu, aka saki abin. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, na zaci kaina zai rabe biyu. Na toshe kunnuwana na juya in ga murnar Basiru. Yana zaune a miƙe, idonsa a kan masu kiɗan. Na ga ya ɗora tafinsa a hannun kujera, ya ɗauke. Ya sunkuya ya dafa siminti, ya jira, ya ɗauke. Ya kwance takalmi ɗaya ya taka ƙasa da tafin ƙafa. Ya dafa ƙirjinsa. Can ƙasa dubban mutane suna tsalle tare, shi yana kallonsu kamar mai kallon talabijin da aka kashe wa murya. Sannan a hankali ya mayar da takalmin, ya ɗaure, ya zura hannuwa a aljihu, ya miƙe tsaye ya juya wajen matakalar fita. Safiyya ta manna bakinta a kunnena tana ihu.

"Ba ya isowa nan, Ummi! Sarari ya cinye shi! Sai ƙasa, dab da lasifikun! Shi na so in gaya miki!"

Sai a lokacin na gane. Ƙarar da ke neman kashe ni, shi ko alamarta bai samu ba. Na ɗauki ƙaton saurayi mai ƙarfin da zai iya ɗaga keken ɗinki shi kaɗai, na yi masa irin ta tsohuwa mai ciwon ƙafa. Na zubar da sunana, na ɓata da baffansa, na jawo shi daga ɗaki, na kawo shi inda zai ga kowa yana samun abin da shi ba zai samu ba. In ya fita daga filin nan haka, na san ba zan sake fito da shi daga ɗakin ba.

Na cafki gefen rigarsa na ja shi muka sauka, Safiyya na biye. A ƙofar shiga filin ƙasa mai gadi ya tare mu, ya nuna katin da ke rataye a wuyanmu, launinsa daban da na masu shiga. Safiyya ta tambaya ko za a sayar mana, ya ce sun ƙare tuntuni. Ta dube ni idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa a nan hankalina ya dawo, don akwai abin da na sani game da taro: duk inda mutane suka cika, da zarar an fara, sai cunkoson ya tofo waɗanda ba za su iya ba. Kullum haka ne a Mina. Na matsa ƙofar fita na kafe, hannuna a rigar Basiru, shi yana ja, ni ina ja. Ba a jima ba sai ga wani mutum cikin farar jallabiya ya fito gumi sharkaf, yana riƙe da 'yarsa 'yar budurwa, ta toshe kunnuwa tana kuka. Na sha gabansa. Larabcin kasuwa ne da ni, kuma ba mai jin wani a wurin, sai na koma wa hannu: na nuna kunnen Basiru na girgiza kai, na nuna ƙirjinsa, na nuna gaba, sannan na nuna 'yarsa na nuna sama inda kujeru suke. Mutumin ya gane nan take. Ya cire katinsa da na yarinyar ya miƙo, na miƙa masa namu. Mai gadin ya kira babbansu, shi kuma ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe mana. Safiyya ta raka su sama.

Na ɗora hannun Basiru a kafaɗata kamar yadda nake yi da tsofaffi, muka shiga. Cunkoso ba a faɗa da shi, kuma ba a ratsa shi ta tsakiya. Ta gefe ake bi, kafaɗa a gaba, in ya matse a tsaya, in ya saki a ci taku biyu. Haka muka yi ta kutsawa cikin samari masu baƙaƙen riguna, wasu da sarƙa, wasu gashi ya rufe musu fuska suna ta kaɗa kai kamar za su yar da shi. Na zaci za su tattake ni. Sai ɗaya ya waiga ya ga tsohuwa cikin abaya, ya zaro ido, ya daki na kusa da shi, na ga bakinsa yana cewa a ba wa hala hanya, wato gwaggo. Kafin in ankara sun yi mana katanga da hannuwa, wannan ya miƙa mu ga wancan. Allah ya sani, na ga masu farin kaya a wurin jifa da ba su kai yaran nan ladabi ba. A haka har muka isa shingen ƙarfe, gaban lasifiku da aka jera sun fi gidanmu tsawo.

A nan haƙorana har haɗuwa suke, cikina yana rawa, mayafina yana motsi ba iska. Basiru ya sake kafaɗata. Ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya manna ƙirjinsa, ya buɗe baki. Na ga rigarsa tana karkarwa a jikinsa, na ga kansa ya fara bin bugun, sannan duk jikin ya ɗauka. Ya yi tsalle tare da su. Can sai ya juyo, fuskarsa jiƙe, ya ɗaga hannuwan nan biyu dab da idona.

"Umma! Mai gangan nan da ƙafa biyu yake bugawa!"

Wannan ce maganarsa ta farko tun ranar jana'iza. Ba sunan mahaifinsa ba, ba ban haƙuri ba, ƙafar wani Bature. Ni dai ban taɓa jin magana mai daɗinta ba. Na tsaya a gaban dubban mutane ina kuka ina dariya, na amsa masa na ce na gani, amma wancan mai gurnanin, matarsa ce take taje masa kai? Ya tuntsire da dariya har ya daki ƙarfen. Sai na lura da wani abu da har yau yake faranta mini rai. Duk filin nan ba mai iya magana da wani. Mutum ya sa baki a kunnen ɗan'uwansa ya yi ta ihu, ɗayan ya girgiza kai. Ni da Basiru kaɗai muke hira a natse, muna yi da mutane a gaban idonsu. Kafin a tashi ya raɗa wa kowanne daga masu kiɗan suna. Wani ma'aikaci ya ga halin da nake ciki ya miƙo mini abin toshe kunne, amma a lokacin aikin gama ya gama.

Bari in gaya muku abin da tafiyar ta ci mini, don kada ku zaci a banza na same ta. Wani ya ɗauke ni a jawwal, hoton ya zagaya, kafin mu dawo Makka kowa ya gani. Da hajji ya zo masu gidan Aziziyya suka ɗauki wata mai dafa abinci, ba su ko aiko mini ba. Matan da muke zuwa ta'aziyya tare suka riƙa yin shiru in na shigo. Malam Hamisu ya ɗauke ƙafa daga gidana har sai da azumi ya zagayo, ko da ya dawo kuma bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kunnena na hagu kuwa tun ranar yake ƙugi, likita ya ce haka zan ƙarasa da shi. Ban ce muku kiɗan nan abu ne mai kyau ba, ni har gobe ban ji daɗinsa ba, kuma ina neman gafarar Allah a kan abin da na yi daidai da wanda na yi kuskure. Amma da za a mayar da ni ranar, tun farko tikitin ƙasa zan yanka.

Washegari a gidan Hajiya Ladi na makara, abin da ban saba ba. Na farka rana ta fito, na duba shimfiɗar Basiru a falo, ba kowa. Na duba banɗaki, na leƙa matakala, babu shi. Ga garin ba namu ba, ga shi ba ya jin ƙahon mota. Ina neman mayafi zan fita ke nan sai ƙofa ta buɗe, ya shigo da leda a kowane hannu, burodin tamis mai zafi da ful, dafaffen waken da ake karyawa da shi. Shi kaɗai ya fita, ya nemo mai sayarwa, ya bi layi, ya saya. Ya dire kayan a kan ledar cin abinci, muka zauna mu huɗu, amma bai ɗauki ko loma ba, sai zuba yake yi da hannu. Ful ɗin Jidda ruwa ne, bai kai na layinmu ba. Mai gasa burodin yana da gira ɗaya. Ya ga shagon ɗinki a hanya, tela ɗin bai iya sa aljihu ba, shi da za a ba shi keke da ya nuna masa. Wa muka sayar wa kekunan Baba? Za a iya karɓo ɗaya? Hannuwan suna ta tafiya, Safiyya tana fassara wa Hajiya Ladi har ta gaji ta bari, abinci yana hucewa. Ga yunwa, ga kaina yana sarawa, ban san lokacin da na kai hannu na damƙe nasa duka biyun ba, na ce ya isa haka, a ci abinci.

Sai na ga abin da na riƙe. Na sake su da sauri.

"Ci gaba," na ce masa. "Me ya samu aljihun?"

Ful ɗin da sanyinsa muka ci shi.